Ranar Shiru a Nima

Kalandar da Ketut ya rataya a zauren gidana
ta fi tamu jajayen ranaku.
Na bi su da yatsa mai maiƙon ƙosai,
na ce, “Ɗan nan, yaushe kuke aiki a ƙasarku?”
Ya yi dariya har wushiryarsa ta fito.

Ya ce wannan ta masu azumi ce,
ranar da birni ke zazzage mutanensa kamar buhun gero,
kowa ya nufi ƙauyen uwarsa,
a babur, a jirgin ruwa, da tsaraba a kwali,
a je a ci shinkafar da aka dafa cikin saƙar ganyen kwakwa.
Wannan ta masu coci. Wannan ta ’yan Sin da jajayen fitilu.
Wannan, in wata ya cika,
masu mayafi ruwan goro ke zagaya wani tsohon gini na dutse.
Ta watan takwas kuwa ta kowa ce:
a shafe dogon itace da mai, a rataya kyauta a ƙololuwa,
samari su yi ta sulɓowa ana shewa.

“Taka fa?”
Sai ya ɗora farce a kan wata Laraba.
Ba hura wuta, ba aiki, ba fita, ba shagali.
A tsibirinsu, in ji shi, ko jirgin sama ba ya sauka.
Na ce, “A Nima?
Ka zo sayen abin da ba a kawowa kasuwarmu.”

Larabar ta zo yadda ta saba.
Yaran mota na kiran Sakul, Sakul, kamar sun yi ɓatan ɗa.
Injin niƙan Maame Adwoa ya kama tari.
Tanimu mai walda ya tashi da ƙarfe,
cocin bayan kwata na gwada sabuwar ganga.
Ɗakin Ketut a rufe,
takalmansa a bakin ƙofa, baki sake, su ma ba su ce uffan ba.

Ban san lokacin da na kashe rediyo ba.
Na ɗauki turmina na kai gidan Lantana.
Jikana Ɗanjummai ya shigo da ƙwallo,
na kai yatsa baki, ya ce, “Wa ya mutu?”
Na rasa amsa.
Da la’asar na kai hannu zan ƙwanƙwasa masa, da kwanon tuwo,
na tsaya, na dawo da shi da zafinsa.

Bayan isha aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi tsaki baki ɗaya, sannan ta yi tsit,
ta shiga bikin baƙo ba da saninta ba.
Na zauna a tabarma ban kunna aci-bal-bal ba.
Ashe famfonmu na ɗiga.
Ashe akwai gyare a gindin bangon nan.
Ashe shekara bakwai nake ƙure rediyo
don kada in ji tarin Malam Garba da babu shi.
Na ji rashinsa sosai, na bar shi ya zauna kusa da ni
har taurari suka karkata wajen teku.

Da safe ya fito, ido ya faɗa, fuska a sake,
ya haɗa tafuka a ƙirji: “Inna Kande, ki yafe mini.”
Na ce, “Mu sai da Sallah muke wannan.
Amma zo, kokon bai huce ba.”

Da ya tafi aiki na sauko da kalandata,
ta mai sayar da siminti, mai hoton babbar mota.
Na dangwali jan farcen Lantana,
na zaɓi wata rana da ba ta kowa ba,
na ɗiga mata.